Jitar Gidan Maikano

In ka shiga Birnin Kudu ka tambayi shagon Malam Abdulbaqi kafinta, ba za a yi maka dogon kwatance ba. Za a ce ka bi bayan kasuwa har inda za ka ga ƙyamare jingine da katanga, ka kuma ji ƙamshin katako. Can za ka tarar da shi, dogon mutum siriri mai furfurar gemu, wanda ko guduma ta sami yatsansa ba ya ɗaga murya. Ya ba sittin da biyar baya. Rabin gadajen auren unguwar daga hannunsa suka fito, kuma har yau ba a ji wanda ya karye ba.

Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsu, marigayi Malam Salihu, ya karantar da iyaye, ya karantar da 'ya'yansu. Babban ɗansa, Malam Muhammadu, shi ya gaji makarantar, ya kuma yi suna a ilimin rabon gado, har daga ƙasar Gwaram akan aiko masa da mota. Abdulbaqi ne kaɗai ya kama zarto a gidan. Duk da haka ya sami karatu daidai gwargwado, kuma in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba a masallacin unguwa, ba sai an yi shawara ba.

Akwai wani aiki da ya haɗa shi da yayansa. Gado ba ya rabuwa sai an yi wa kowane abu kuɗi. Gona akwai masu sanin gona, dabba akwai dillalan kara, amma duk abin da aka yi da itace, ƙofa ce ko kabad ko turmi, Abdulbaqi ake kira ya duba. Malam Muhammadu yana da ƙa'ida biyu da yake faɗa wa kowa kafin a fara. Ta farko, wanda ya yi wa kaya kuɗi ba ya sayensa. Ta biyu, wanda ya san darajar abu ba ya yin shiru. Yakan ce a wurin gado shiru ma hannu ne, da shi ake ɗauke rabon maraya. Shekara talatin suna wannan tafiya tare, ba a taɓa dawo musu da ƙorafi ba.

Abin da Malam Muhammadu bai sani ba, wanda kuma ba wanda ya sani a garin, shi ne yadda ƙanensa ya yi shekarunsa na Jos. Yana da shekara goma sha tara aka tura shi can koyon kafinta wurin wani Bayarabe. Ya koya, wannan ba ƙarya. Amma wata rana makaɗan wani otal suka kawo jita da wuyanta ya tsage. Maigidan ya ce ba aikinsa ba ne, Abdulbaqi ya ce a bar masa. Ya manne ta, ya ɗaure da igiya kwana uku, ta koma kamar ba ta taɓa ciwo ba. Shugaban makaɗan, wani mutumin Gana mai sanƙo, ya ce ba shi da ladan da zai ba shi, sai dai ya koya masa. Cikin shekara biyu Abdulbaqi ya zama mai jita ta biyu, wanda ke tsayawa a baya yana riƙe wa sauran kiɗa. Asabar da Lahadi yakan sa kwat. Wurin kuwa irin wurin nan ne da ɗan malam ko ta ƙofarsa ba ya ratsawa.

Wani direban babbar mota ne ya kai zancen kunnen Malam Salihu. Tsohon bai aika ba, bai rubuta wasiƙa ba. Da kansa ya shiga mota, ya iske ɗansa a shago da hantsi yana goge katako. Bayan gaisuwa ya kama hannunsa na hagu, ya shafa kan yatsun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan kantar ba ta zarto ba ce," in ji shi. "Ɗauko kayanka."

Bai sake magana ba sai da motar ta wuce Ningi. Nan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ni na sani, kai ka sani. Kada a sami na uku."

Ba a samu ba. Abdulbaqi ya buɗe shago, ya auri Rahmatu, ya aurar da 'ya'ya, ya sa mahaifinsa a kabari da hannunsa. Kantar yatsun ta goge tun da daɗewa. Abu ɗaya ya rage, kuma shi kansa bai lura da shi ba. Farcen hannunsa na hagu kullum a yanke yake har nama, na dama kuwa yakan bar masa ɗan tsawo.

Da bazarar bara aka aiko daga Kwandiko, can ƙasar Gwaram. Wani manomi mai suna Maikano ya rasu, matarsa Hadijatu ta fita takaba, ana so a raba. Hadijatu 'yar Kiyako ce, mahaifinta ya yi karatu a gidan Malam Salihu, shi ya sa ta ce ba wanda zai raba musu sai Malam Muhammadu. Magada huɗu ne. Ita, da babban ɗa Ashiru wanda ya yi iyali, da 'yan mata biyu, Nasiha da Lailatu, waɗanda ba su gama firamare ba.

Sun isa da hantsi. An riga an yi wa gona da awaki kuɗi tun jiya, saura kayan ɗaki. Malam Muhammadu ya zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da takardarsa, dattawan unguwa suka kewaye shi. Ashiru ya shiga da Abdulbaqi ɗakin marigayin.

Ba wani abin kirki a ciki. Gado na maɗaci wanda ya fi ɗakin daraja, kujera mai ƙafa uku da rabi, sai kabad. Abdulbaqi ya girgiza kabad ɗin ya ji ya tsaya cak, alhali daɓen ɗakin a karkace yake, sai ya durƙusa ya ga da me aka tokare shi. Wani ɗan baƙin itace ne, tsawonsa bai kai taƙi ba, ƙasansa a lanƙwashe, da ƙananan ƙarafa biyu masu kama da kwabo da ake murzawa. A bayansa akwai tsaga shida a jere.

Ya daɗe a durƙushe. Masu garaya jaki suke ce wa wannan abu, ɗan itacen da tsirkiya ke hawa. Amma garaya ba ta da tsirkiya shida.

"Baba, lafiya?" in ji Ashiru. "Ko gara ce?"

"Ba gara."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya yi wa kabad kuɗi, ya yi wa gado, ya yi wa kujera. Ɗan itacen ya bar shi inda ya gan shi.

Da suka fito suka tarar an ƙaru da mutum ɗaya. Sunansa Abu mai gwangwan, wani gajere mai faɗin murya da ke bin ƙauyuka a babur yana sayen tsoffin kaya, keken ɗinki, rediyo, tasar tagulla. Ba a gayyace shi ba. Irinsu ba a gayyatarsu, hancinsu ne ke kawo su. Ya riga ya tara tarkace a gabansa, garma da ta karye, da fitila, da ƙashin keke, yana yi musu kuɗi ana dariya.

"Saura akwatin Baba," in ji Ashiru. "A fito da shi a huta."

Aka sauko da shi daga saman rumbu. Baƙin akwati ne mai siffar goran ruwa, fatarsa ta saɓule a gefe. Ashiru ya buɗe.

Abdulbaqi bai matsa ba. Daga inda yake zaune ya gan ta. Jita ce babba, mai faɗin ƙugu da tudun ciki, tsakiyarta ruwan zuma, gefenta ya yi duhu kamar bakin masa. Tsaga biyu masu lanƙwasa a cikinta, hagu da dama. Tsirkiyoyin sun saki, suna kwance a jikinta. Irinta mutumin Gana yake riƙewa, wadda ba ya barin kowa ya ɗauka sai ya wanke hannu.

Muryar Hadijatu ta fito daga bayan ƙofar zaure. "Malam, kafin a sayar a juye min irina."

"Wane iri, Hajiya?" in ji Malam Muhammadu.

"Irin riɗi. A cikinta nake ajiyewa. Shekara biyu a jere ɓera yana cinye min, na sa a ƙwarya ya huda, na sa a buhu ya huda. Wannan kuwa bakinta ya fi ƙarfinsa. Mai gidan ya gani ya yi dariya, ya ce gara ta sami aikin yi, tunda hannunsa ya shanye."

Kowa ya san Maikano ya yi yawon duniya a ƙuruciya, ya yi kiɗa a Kano kafin ya dawo ya kama fartanya. Bai taɓa ɓoyewa ba, kuma ba wanda ya riƙe shi da shi. Ubansa mahauci ne.

Abu ya ɗauke ta da hannu ɗaya ta wuya kamar kaza, ya kife ta a kan faifai, ya girgiza. Riɗi ya yi ta zuba, kusan tiya guda. Ya juya ta, ya ja tsirkiya ɗaya, ta yi ƙarar waya a jikin kwano.

"Kun ji ko? Matacciya ce. Abin da ke ɗaga tsirkiyar ma ya ɓalle ya ɓata. Ga wurinsa nan fayau. Ni ƙarafan nan biyu na cikinta nake so, da kunnuwan murɗa tsirkiya. Katakon a ba Inna ta hura wuta."

"Kai dai faɗi," in ji Ashiru.

Abu ya faɗi kuɗin da ba zai sayi zakara biyu ba.

"Haba Abu, ko akwatin ai ya fi haka."

"Akwatin? In ka sa masa kaya sai ka ɗaure da igiya. Don albarkacin marigayi na ƙara ɗari biyar, kada a ce na zo gidan mutuwa na yi rowa."

"Ɗan gwangwan da kunya! Yau za a yi ruwa," in ji wani dattijo. Aka yi dariya.

Al'adar Malam Muhammadu ce, kafin ya rubuta abu, ya tambaya sau uku. Ya ɗaga alƙalami.

"Akwai mai magana?"

Abdulbaqi yana kallon faifan riɗi. Mahaifinsa ya shekara ashirin da shida a ƙasa, amma maganar da ya yi bayan Ningi ba ta tsufa ba. Ba yadda za a yi mutum ya faɗi darajar wannan abu ba tare da an tambaye shi inda ya sani ba. Kuma Abu ba zai yarda da baki ba, sai an nuna.

"Akwai mai magana?"

A bakin zaure 'yan matan nan biyu suna leƙe. Ƙaramar tana sanye da hijabin makaranta da ya yi mata kaɗan. Ba su san abin da ake sayarwa ba, riɗin uwarsu suke gadi kada kaji su zo.

"Akwai mai magana?"

"Yaya," in ji Abdulbaqi, "a ɗaga kabad ɗin can. Akwai abu a ƙarƙashin ƙafarsa."

Ashiru ya shiga ya dawo da ɗan baƙin itacen. Hadijatu ta ce tun da ya faɗo daga jikinta suka ɗauka karyewa ya yi, shi ne ta ga kada ya tafi a banza.

"Bai karye ba, Hajiya. Ba a manne shi dama. Tsirkiya ce ke danne shi. Marigayi ya sassauta ta ne don kada zafi ya ja wuyan, shi ya sa ya faɗo. Mutumin ya san abin da yake yi."

Ya nemi ruwa ya wanke hannu. Ya ce a matsar da tabarma cikin inuwa sosai. Sannan ya karɓe ta daga hannun Abu da hannu biyu.

Bai yi sauri ba, dama ba ya yi. Ya fara da shinshina cikinta ta tsagar nan, ya ce ba danshi, ba ƙwaro. Ya ƙwanƙwasa cikin da gaɓar yatsa, nan da can, yadda mata ke gwada tukunya a kasuwa, yana karkata kunne. Ko'ina ta amsa da murya ɗaya. Ya karɓi wayar Ashiru ya haska ciki, ya ga haƙarƙarin itacen da ke riƙe da ita ba wanda ya saki, ya ga wata takarda da ta yi ja a manne. Ya ɗaga ta ya sa ido ɗaya daga kai zuwa gindi, kamar mai duba katakon ƙofa.

"Wuyan a miƙe yake. Wannan shi ne babba. In wuya ya murɗe, sauran duk ado ne."

Ya bi mahaɗar wuya da jiki da farce, farcen bai shiga ba. Ya shafa ƙarafan da ke jere a wuyan, ya ce na sama guda uku sun ci, amma da saura. Sannan ya fara lissafa aibinta, don ita ma ƙa'ida ce. Farin zoben da ya kewaye ta ya tsage a ƙugu. Kunne ɗaya ba nata ba ne, na wata ne aka sa. Marufin da ke kare fenti ya ɓata. Tsirkiya biyar ce, ba shida ba.

"Ta shidan ni na cire," in ji Hadijatu. "Da ita nake yanka sabulu."

"Ba laifi, wannan ana saye. Kuma ba 'yar Amurka ba ce, 'yar Japan ce, takardar ciki ta faɗa. Da 'yar Amurka ce, da ba a nan za a yi maganarta ba. Amma cikin na Japan, ta kirki ce. Ta kusa shekara hamsin."

Abu ne ya fara tankawa.

"Baba kafinta, katako na yarda ka sani. Amma wannan ba ƙofa ba ce. Abin wuta ne. Ƙarafan nan biyu su ke ɗaukar sauti su kai lasifika, in sun mutu, ƙwarya ce mai wuya. Wa zai gwada mana? Kai?"

Wasu suka yi murmushi. Malam Muhammadu bai yi ba. Tun da ƙanensa ya wanke hannu yake kallonsa.

"A samo lasifika," in ji Abdulbaqi.

Wani ya ce ta masallaci, aka yi masa caa. A ƙarshe aka aro ta wani mai tallan maganin basir da ya tsaya shan fura a bakin hanya, irin mai cajin nan. Wayar haɗawa tana cikin aljihun akwatin, a nannaɗe da kyau.

Fentin jikin jitar ya dushe ko'ina sai wuri ɗaya, inda jakin ya zauna shekara da shekaru, ya bar inuwarsa. Abdulbaqi ya ɗora shi daidai kan inuwar. Ya fara murɗa kunnuwan a hankali, kaɗan nan, kaɗan can. Tsirkiya ɗaya ta tsinke ta tsarge shi a bayan hannu, bai ko duba ba. Saura huɗu. Ya daidaita su da kunne, ya sa waya, lasifikar ta yi gurnani ta yi shiru.

Har nan ana iya cewa kafinta ne mai dabara. Yana iya jan tsirkiya ɗaya a ji ta yi ƙara, ya ajiye. Amma ƙara ɗaya ba ta nuna ko wuyan yana faɗin gaskiya daga sama har ƙasa, kuma shi aka kira ya duba.

Ya ɗora ta a cinya. Yatsun hagu suka tafi wurinsu ba tare da sun tambaye shi ba.

Sautin ya fito da kauri, mai ɗumi, ba hayaniya, kamar muryar babban mutum a ɗaki. Wani kiɗa ne mai tafiyar hawainiya da suke buɗe Asabar da shi a Jos. Ya yi kuskure sau biyu, don yatsun sun yi laushi kuma tsirkiyar ta yi tsatsa. Ya bi wuyan har ƙasa, ya dawo. Ya murɗa maɓallan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ya yi ƙarar yashi, ya ce wannan datti ne, ana wankewa. Duka bai fi tsawon alwala ba. Ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin, suka yi shiru.

Mata sun cika bakin zaure. Mai maganin basir ya bar furarsa.

"Ikon Allah," in ji dattijon nan. "Ashe Malam makaɗi ne."



"Nawa?" in ji Malam Muhammadu. Idonsa yana kan takarda.

"Kuɗin bijimi. Ba ƙato ba, matsakaici."

Abu ya yi tsalle ya ce wallahi an haɗa baki, ya ce ko Kano ba mai ba da haka. Malam Muhammadu ya ce to ya ɗauki hotonta ya kai Kanon, an ba shi mako guda. Kafin nan ba za a rubuta komai a kanta ba. Ya ce a mayar da ita akwati, a sa a ɗaki, ba saman rumbu ba. Hadijatu ta tambaya ina za ta sa irinta, aka ce a ba ta kwalba.

A hanyar komawa mota ta cika, an matse su biyu a kujerar gaba. Sai da duwatsun Birnin Kudu suka fara bayyana Malam Muhammadu ya yi magana.

"A Jos?"

"A Jos."

"Baba ya sani?"

"Shi ya je ya taho da ni. Ya ce kada a sami na uku."

Malam Muhammadu ya daɗe yana murza carbi. "Yau an sami wajen arba'in," ya ce. Da suka sauka kowa ya kama hanyar gidansa.

Labarin ya riga su isowa, don mai maganin basir yana da babur. Ba wanda ya tari Abdulbaqi da shi. Gaisuwa dai ta ɗan canza tsawo a wasu wurare. Wani ya wuce shagon yana kaɗa yatsu a ciki, abokansa suna ƙunshe dariya. Bayan kwana huɗu liman ya tafi ɗaurin aure, aka yi iƙama, Abdulbaqi yana sahun farko inda ya saba. Ladan ya waiga dama, ya waiga hagu, ya taɓa kafaɗar wani malamin Islamiyya. Abdulbaqi ya gyara sahu ya bi. Bai tambaya ba, ba a kuma yi masa bayani ba. Har yau haka ake yi.

A gida, wata rana Rahmatu ta gan shi zaune da reza yana yankan farce.

"Shekara arba'in ina cewa wannan mutum me ya sa hannunsa ɗaya ya fi ɗaya tsafta," in ji ta. "Na ɗauka wani sirrin malamai ne."

"Kin ji haushi?"

"Na ji. A ce mutanen Kwandiko sun ji, har da mai maganin basir, ni ban ji ba."

Ranar da mako ya cika Abu ya dawo Kwandiko da murya ƙasa-ƙasa. Wani mai shagon kayan kiɗa a Kano ya ga hoton, ya yi tayi, kuma tayin bai yi nisa da abin da kafinta ya faɗa ba, ya gaza da kaɗan. Ashiru ya kira Malam Muhammadu a waya ya shaida masa.

Da la'asar Malam Muhammadu ya zo shagon da kansa, abin da ya shekara bai yi ba. Ya zauna a kan benci, ya ɗauki wani guntun katako yana juyawa.

"Na Kano ya yi mata kuɗi," ya ce. "Yanzu kuɗinsa ne a takarda, ba naka ba. Wanda duk ya ɗara shi, tasa ce." Ya ajiye katakon. "Ban ce ka yi ba. Ƙa'ida nake faɗa."

Abdulbaqi yana da bijimi guda da yake kiwo a bayan gida tun kaka, da niyyar Babbar Salla. Ya kwana biyu yana zagaya shi. A na uku Rahmatu ta ce ita dai ta gaji da warin turke, kuma dusa ta yi tsada. Ranar kasuwa aka sa shi a mota. Abin da ya kawo ya ɗara tayin Kano, aka zuba shi cikin gado, aka raba yadda Allah ya ce. Rabon 'yan matan Malam Muhammadu ya sa aka saya musu tumaki, aka damƙa wa uwarsu.

Gyaran ya ɗauke shi damina guda. Ya cike tsagar ƙugu, ya wanke maɓallan, ya sassaƙa sabon marufi da guntun maɗaci, ya aika Kano aka sayo tsirkiya shida. Lasifika bai saya ba. Ya ce cikinta ya ishe shi, shi da wanda ke kusa.

Cikin wannan damina aka yi rasuwa a Sundimina, gida mai kaya da yawa. Mutane suka zuba ido su ga wa Malam Muhammadu zai kira. Ranar tafiya motar ta tsaya a bayan kasuwa kamar kullum, ta yi oda sau biyu. Abdulbaqi ya ɗauki tef ɗin awonsa ya fito.

Jitar tana shago yanzu, a akwatinta, kan wani kanta da ya yi mata nesa da rana. Yakan sauko da ita bayan azahar, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ya wanke hannu, ya zauna daga ciki. Ƙofar ba ya rufe ta, ba ya kuma buɗe ta duka. Ran da Rahmatu ta kawo abinci da kanta takan daɗe ba ta tafi ba. Kantar da ta goge ta dawo masa kan yatsun nan huɗu.

Riɗin Hadijatu bai gama fita ba. Wasu ƙwayoyi sun maƙale a bayan haƙarƙarin ciki, in ya ɗaga ta sai a ji suna gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Ya san yadda zai fitar da su, aikin rabin yini ne. Ya ce ba sa hana ta magana.